Lambar Girma Ga Mutumin Da Bai Ceci Kowa Ba

Ran 13 ga watan Afril, 1951, Shugaban Ƙasar Amurka, Harry Truman, ya kira wani saurayi sojan ruwa zuwa fadarsa a Washinton, ya rataya masa lamba a wuya a gaban jama'a. Sunan saurayin Laftanan Thomas Hudner, aikinsa kuwa tuƙin jirgin sama na yaƙi. Lambar nan ita ce mafi girma duka da ƙasarsu ta ke ba mayaƙanta. A bakinsu ana ce da ita Medal of Honor, watau Lambar Daraja. Tauraro ne mai tsini biyar, yana rataye da shuɗin ƙyalle mai ƙananan taurari 13. Tun a 1861 aka kafa ta, amma har yau waɗanda suka samu ba su wuce wajen mutum 3,500 ba, a cikin miliyoyin da suka yi aikin soja.

A cikin waɗanda su ke tsaye a wurin ran nan akwai wata gwauruwa baƙar fata, mai ƙuruciya. Mijinta ne Hudner ya je ceto, bai kuwa cece shi ba. Mijin ya mutu a kan dutse cikin sanyi, ko gawarsa ba a kawo gida ba. Banda wannan kuma, Hudner ya karya umurnin da aka yi musu, ya kuma lalatar da jirgin gwamnati da gangan.

To, ga tambayar da mu ke so mu bincika tare da masu karatu. Daidai ne a girmama mutum saboda aikin da bai ci nasara ba, aikin da aka riga aka hana shi yi? Mene ne lambar yabo ta ke aunawa? Kada mu yi hanzarin amsawa, gama kowanenmu ya kan yabi mutane, ya kan kuma kushe su, sau da yawa ba tare da ya san mudun da ya ke awo da shi ba. Bari mu fara jin labarin tukuna.

Mutane Biyu

Mutumin da ya mutu sunansa Jesse Brown. An haife shi a 1926 a garin Hattiesburg cikin jihar Mississippi, a kudancin Amurka. Iyayensa matalauta ne. Ubansa yana noman gonar wani, in an girbe a raba da mai ƙasa. 'Yan ekklesiyar Baftis ne, Jesse kuwa yana cikin mawaƙa tun yana yaro. A zamanin nan dokar jihar ta raba baƙi da farare a makaranta da jirgin ƙasa da wurin cin abinci. Sa'ad da ya ke ɗan shekara shida ubansa ya kai shi kallon wasan jiragen sama, tun daga ran nan zuciyarsa ba ta rabu da su ba. A 1937, yana yaro, ya rubuta wa Shugaba Roosevelt takarda yana tambaya dalilin da ya sa ba a barin baƙi su tuƙa jiragen soja.

A 1944 ya shiga jami'ar jihar Ohio. Da rana yana karatu, da dare yana lodin kaya a tashar jirgin ƙasa domin ya biya kuɗin makaranta. Daga can ya nemi shiga koyon tuƙi na sojan ruwa. An karya masa gwiwa, ya sha zagi, bai fasa ba. Ran 21 ga Oktoba, 1948, ya gama, ya zama baƙin mutum na fari da ya ƙare wannan koyo a rundunar ruwa ta Amurka. Watanni uku ke nan da Truman ya sa hannu a kan umurnin hana wariyar fata a cikin soja.

Thomas Hudner kuwa an haife shi a 1924 a Fall River cikin jihar Massachusetts, can arewa. Bature ne, ɗan mai arziki, ubansa yana da kantunan sayar da abinci. Ya yi makarantar 'ya'yan manya, ya shiga makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis, ya fita a 1946. Ya fara aiki a jirgin ruwa, daga baya ya koyi tuƙin jirgin sama, ya gama a 1949.

Aka haɗa su a ƙungiya ɗaya, ta 32, a kan wani babban jirgin ruwa mai suna Leyte, irin wanda jiragen sama su ke tashi su sauka a bisansa. Jirgin da su ke tuƙi ana ce da shi Corsair, mai inji ɗaya, mai ɗaukar mutum ɗaya tak. Al'adar matuƙan yaƙi ce su tashi biyu biyu, ɗaya yana gaba, ɗaya yana rufa masa baya. Hudner ya fi Brown muƙami, amma Brown ya fi shi daɗewa a sama. Saboda haka ɗan manomin ne a gaba, ɗan mai kantin yana biye.

Ran 4 Ga Disamba

Yaƙin Koriya ya ɓarke ran 25 ga Yuni, 1950. A ƙarshen Nuwamba na shekaran nan sojojin Sin wajen 120,000 suka kewaye sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya wajen 30,000 a duwatsun da ke gefen tafkin Chosin, cikin Koriya ta Arewa. Sanyin wurin ya kan daskarar da ruwa da abinci, har da yatsun mutum. Waɗanda aka kewaye ba su da mataimaki sai jiragen sama.

Ran 4 ga Disamba bayan tsakar rana, jirage shida suka tashi daga Leyte, suka yi tafiyar wajen mil 100, suka shiga shawagi ƙasa ƙasa suna neman abokan gaba. Sai harsashin bindiga daga ƙasa ya sami jirgin Brown, mai ya fara tsiyaya. Jirgin ya yi ƙasa ƙwarai, ba halin ya yi tsalle da laima. Ya nemi wani ɗan fili a gefen dutse ya saukar da shi da ciki a kan dusar ƙanƙara. Jirgin ya bugu da ƙarfi har ya tanƙware. Wurin kuwa wajen mil 15 ne a bayan dagar abokan gaba.

'Yan'uwansa suna kewaya a sama suna tsammani ya mutu. Sai suka ga ya buɗe murfin mazauninsa yana ɗaga hannu, amma bai fito ba. Hayaƙi kuwa yana tashi daga injin, kusa da inda tankin mai ya ke. Aka kira jirgi mai saukar ungulu ta wayar iska, amma zai ɗauki lokaci kafin ya iso.

An riga an gargaɗi matuƙan ƙungiyar cewa kada kowa ya saukar da jirginsa domin ceton wanda aka harbo, wanda ya yi kuwa zai fuskanci kotun soja. Hudner ya san wannan sarai. Bai nemi izini ba. Ya gaya wa sauran ta wayar iska zai sauka, ya juya, ya kifar da lafiyayyen jirginsa a kan dutsen nan kusa da na Brown. Ya ji ciwo a baya, ciwon da ya daɗe yana damunsa. Ya ratsa dusar ƙanƙara ya isa wurin. Ya tarar ƙarfen jirgin ya danne ƙafar Brown, hannuwansa kuma sun sandare. Ya sa masa hularsa ta ulu, ya naɗe masa hannuwa da mayafin wuya, ya riƙa ɗiban dusar ƙanƙara yana cusawa inda hayaƙin ya ke fita. Ya ja, ya ja, ƙafar ba ta fito ba.

Jirgi mai saukar ungulu ya iso, Laftanan Charles Ward yana tuƙi, ya kawo gatari da abin kashe wuta. Su biyu suka yi ta sara wajen minti 45, ƙarfen bai ko motsa ba. Brown yana suma yana farfaɗowa. Maganarsa ta ƙarshe saƙo ne zuwa ga matarsa, a gaya mata yana ƙaunarta. Rana ta yi ƙasa. Ward ya ce jirginsa ba ya iya tafiya cikin duhu a tsakanin duwatsu, dole su tashi yanzu. Hudner ya sunkuya ya gaya wa Brown za su komo. Ba a ji amsa ba. Suka tashi suka bar shi. Shekarunsa 24, ya bar mata da 'ya ɗaya ƙarama.

Hudner ya roƙa a bar shi ya koma a ɗauko gawar. Manyansa suka ƙi, gama suna tsoron kwanton ɓauna. Bayan 'yan kwanaki aka aiki jirage suka zuba wa wurin bom mai ƙuna, domin kada gawar da jiragen su faɗa hannun abokan gaba. An ce ɗaya daga cikin matuƙan ya karanta Addu'ar Ubangiji ta wayar iska sa'ad da wutar ta ke ci.

Ƙarar Da Za A Iya Kawowa

Da a ce mu ne alƙalai, mai ƙara zai tashi ya ce mana haka. Umurnin nan da Hudner ya karya ba na wauta ba ne. Masu hankali ne suka kafa shi, domin sun san in aka harbo mutum ɗaya, wani ya bi shi, hasara ta zama biyu. Sojoji dubbai suna kewaye a ƙasa, kowane jirgi ɗaya rayukan mutane da yawa ne. Hudner ya rage musu jirgi ɗaya saboda mutum ɗaya. Da ya karye ko ya mutu wajen saukar, da ya ƙara wa Ward kaya. Ko da ya sauka lafiya ma, ɗan ƙaramin jirgin ceton da aka kira domin mutum ɗaya ya zama yana da biyu. A ƙarshe kuma me aka samu? Brown ya mutu, kamar yadda zai mutu ko da Hudner bai sauka ba. In aka ba irin wannan lamba, ashe ba a koya wa samari cewa kowa ya bi zuciyarsa ya bar doka ba ke nan?

Mu dai ba mu ga wannan ƙara abin rainawa ba ce. Mun san ɓarnar da masu zafin zuciya su kan yi da sunan taimako. Wanda bai iya ruwa ba ya faɗa kogi ceton yaro, a wayi gari ana makoki biyu a gida ɗaya. Kyakkyawan nufi shi kaɗai ba ya wanke mutum. Jama'ar da kowa ya ke yin abin da ya ga dama kuwa, ko runduna ce ko gari, ba ta daɗewa.

Amsar Da Mu Ke Gani

Duk da haka muna gani waɗanda suka ba shi lambar sun yi daidai, ga kuwa dalilanmu.

Na fari, ana auna aikin mutum bisa ga abin da ya sani sa'ad da ya ke yinsa. Mu da mu ke karanta labarin mun san ƙarshensa, shi kuwa bai sani ba. Abin da ya gani daga sama ke nan: mutum yana da rai, ya maƙale, wuta tana shirin kamawa, taimako yana nesa. Ba wanda zai iya sani daga can ko ƙafar za ta fito da jan mutum ɗaya. Da ta fito, da duniya duka ta ce ya yi daidai. To, aikin Hudner ɗaya ne, ko ta fito ko ba ta fito ba. Taurin ƙarfe ne ya raba tsakani, taurin ƙarfe kuwa ba halin Hudner ba ne. In muna yabon mutum sai ran da abin ya yi kyau, sa'a mu ke yabo. Manoma biyu su kan yi shuka rana ɗaya, su yi noma iri ɗaya, fari ta sauka a gonar ɗaya ta bar ta ɗayan. Mai hankali ba ya ce da wanda fari ta ci rago.

Na biyu, karya doka iri iri ne. Akwai mai karya ta domin ya tsira ko ya ci riba, ya ɓoye, in an kama shi ya yi musu. Akwai kuma mai karya ta a fili, yana sane da horon, yana shirye ya sha shi, hasarar kuwa a kansa za ta fara sauka. Hudner ya faɗa wa 'yan'uwansa abin da zai yi. Ya komo yana tsammanin kotu. Bai ce dokar banza ce ba. Aka kafa ta domin a kiyaye rayukan matuƙa, shi kuwa ya ga ran matuƙi yana shirin ƙonewa a gabansa. Ba doka da za ta iya hango kowace rana. Shi ya sa a ke naɗa mutane su yi shari'a, domin takarda ba ta da ido. Kyaftin na jirgin Leyte, wanda ya ke da ikon hukunta shi, shi ne ya rubuta a ba shi lamba. Ba a kuwa soke dokar ba. Dokar ta tsaya domin dukan matuƙa, aka kuma shaida cewa wannan mutum, a wannan rana, ya yi abin da ya wuce doka. Ƙa'idar lambar ma haka ta ke: ana ba da ita ga wanda ya sa ransa cikin hatsari fiye da abin da aikinsa ya wajabta masa. Abin da za a iya umurtar mutum ya yi, albashi ne ladansa. Lamba domin abin da ba mai ikon umurta ne.

Na uku, ba gaskiya ba ne a ce ba a sami kome ba. Wuta ba ta ci Brown da rai ba. Bai mutu shi kaɗai yana kallon jirage suna juyawa suna tafiya ba. An sa masa hula, an riƙe hannunsa, ya sami wanda zai ba saƙo, saƙon kuwa ya isa. Mu da mu kan zauna a gefen tabarmar masu jan rai mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa mun je gidan da ba mu da magani, ba mu da abin da za mu yi sai zama. Ba mu taɓa jin iyalin sun ce zuwanmu banza ne domin majiyyacin ya mutu ba. Sauran matuƙa kuma da suka gani da idonsu sun tashi kashegari da sanin cewa in sun faɗi, akwai mai zuwa. Mai ƙara ya ƙirga jirgi ɗaya da aka rasa, bai ƙirga wannan ba.

Tafiyar Da Ya Yi

Akwai wuri ɗaya a labarin da ya fi sauran wuya, watau sa'ad da Hudner ya shiga jirgin Ward ya tafi. Wani zai ce, in ƙauna ce ta saukar da shi, don me ba ta tsai da shi ba?

Mun yi ta tunani a kan wannan. Da ya kwana a kan dutsen nan, sanyi zai kashe shi kafin gari ya waye, ko abokan gaba su kama shi. Ba abin da zamansa zai ƙara wa Brown, saƙon matar kuma da ya mutu tare da shi. Saukar da ya yi akwai begen ceto a cikinta. Zaman ba shi da bege ko kaɗan. Wanda ya jefa ransa inda akwai begen ceton wani, jarumi ne. Wanda ya jefa shi inda ba bege, domin kada a ce ya gudu, yabon mutane ya ke nema ko kuwa baƙin ciki ne ya rufe masa ido. Hudner ya san bambancin. A ganinmu tafiyar nan ta fi saukar wuya, gama saukar ta minti kaɗan ce cikin zafin jini, tafiyar kuwa ya ɗauke ta a zuciya har tsufansa.

Sai maganar da ya yi cewa za su komo. Ƙarya ce ya yi domin ya sanyaya zuciyar mai mutuwa? Mai yiwuwa ne shi kansa ya san da wuya. Amma abin da ya biyo baya ya nuna bai ɗauke ta maganar fatar baki ba. Za mu komo kan wannan.

Abin Da Lamba Ba Ta Gani

Ko da ya ke mun yarda an yi daidai, kada mu ɗauka lamba ma'auni ne mai aunan kome. Ido gare ta ƙarami. Sa'a ɗaya ta ke gani, sai kuma inda akwai shaidu.

Ga Jesse Brown. Bayan mutuwarsa an ba shi lambobi uku: ta gwanintar tuƙi a fagen fama, mai siffar gicciye, da ta yawan fita yaƙi ta sama, gama ya fita sau 20, da kuma mai siffar zuciya wadda a ke ba wanda aka yi wa rauni ko aka kashe. Dukansu ba su kai ta Hudner ba. Amma wane ne zai ce jaruntakarsa ta gaza? Hudner ya yi tasa cikin yini ɗaya. Brown ya yi tasa shekara da shekaru, yana haɗiye zagi, yana sane cewa in ya yi kuskure ɗaya za a rufe ƙofar ga dukan baƙin da ke bayansa. Ba a ƙera lamba domin wannan ba. Ga kuma Ward, wanda ya kai ɗan jirginsa mara makami har bayan dagar abokan gaba. Kaɗan ne su ke tunawa da sunansa. Ga gwauruwar da ta yi renon marainiya.

Masu riƙe da ma'aunin kuma mutane ne, hannunsu ya kan karkata. Baƙin Amurka fiye da miliyan ɗaya sun yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, amma ko ɗaya ba a ba shi Lambar Daraja a lokacin ba. Sai a Janairu 1997, bayan an sake binciken takardu, aka ba mutum bakwai. Ɗaya kaɗai, Vernon Baker, ya ke da rai ya karɓa da hannunsa. Jaruntakarsu tana nan tun ran da suka yi ta. Shekara hamsin ɗin nan ma'aunin ne ya ke da laifi.

Wani abu kuma. Kowace ƙasa nata ta ke ba lamba. Jiragen nan shida ba yawo suka fita ba, bom da harsashi su ke ɗauke da su. Yaron Sin da ya harbi Brown shi ma yana kwance cikin sanyin nan da tufafi marasa kauri, dubbai daga cikin 'yan'uwansa sanyi ne ya hallaka su. Mutanen ƙauyukan Koriya da yaƙin ya ci kafin a tsai da wuta ran 27 ga Yuli, 1953, ba a rataya wa kowa kome saboda su ba. Ba mu faɗi wannan domin mu rage Hudner ba. Mun faɗa domin kada ƙyallin tagulla ya sa mu ga yaƙi abin sha'awa ne. Abin da ya sa labarin nan ya ke da daɗin ji a gare mu shi ne, ba a ba shi lambar saboda yawan waɗanda ya kashe ba.

Masu ba da labarin su kan yi mamaki cewa Bature ya sauka domin baƙin mutum. Mu kam muna gani mamakin nan abin kunya ne ga zamanin da ya haife shi. Mai rufa baya ya bi na gabansa, iyakar abin ke nan. Da haka ya kamata ya zama tun da fari.

Nauyin Lamba

Saura tambaya ɗaya. In an rataya wa mutum lamba, me ya kamata ya yi da ita? Gama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wasu lamba ta kan zama musu gona, su yi ta ci daga gare ta har mutuwa.

Sa'ad da Hudner ya koma garinsu, mutanen Fall River suka tara masa dala 1,000. Ya miƙa wa matar Brown domin ta yi karatu. Ta yi, ta zama malamar makaranta. Zumunci ya ƙullu tsakanin gidajen biyu har jikoki. Ya ci gaba da aikin sojan ruwa har ya huta a 1973 da muƙamin kyaftin. A shekaran nan aka sa wani jirgin ruwan yaƙi cikin aiki da sunan Jesse L. Brown. Daga 1991 zuwa 1999 ya shugabanci ofishin kula da tsofaffin sojoji na jiharsu. Duk inda aka kira shi ya yi magana a kan lambarsa, labarin Brown ya kan bayar.

A watan Yuli 2013, yana da shekara 88, ya tafi Koriya ta Arewa, ƙasar da ba ta shiri da tasa, domin ya nemi ƙasusuwan abokin aikinsa. Kusan shekara 63 ke nan da ya ce za su komo. Ruwan damina ya lalata hanyoyin duwatsun, bai isa wurin ba. Ya rasu ran 13 ga Nuwamba, 2017, yana da shekara 93. A 2018 aka sa wani jirgin ruwan yaƙi cikin aiki da sunansa shi ma. Ba a kawo Jesse Brown gida ba.

Watau sau biyu ya je, sau biyu ya komo hannu wofi. In nasara ce mudun, mutumin nan bai sami ko zakka ba. Amma Hausawa sun ce alkawari kaya ne, shi kuwa ya ɗauki nasa har ƙarfinsa ya ƙare. Tafiya ta biyu ita ta tabbatar mana ta farin ba haukan ƙuruciya ba ce, halinsa ne.

To, ga amsarmu. Daidai ne a girmama wanda ya yi abin da ya kamata bisa ga abin da ya sani, ya ɗauki hasarar a kansa, ko da abin bai yi ba. Lamba ba ta sa aiki ya zama nagari. Shaida ce kawai, domin na baya su san irin halin da jama'a ta ke so ta ga ya yawaita. Tana iya yin kuskure, tana iya makara, yawancin masu cancanta kuwa ba za ta taɓa ganinsu ba. Ga wanda ya karɓa, amana ce ta waɗanda ba su komo ba.

Yawancinmu ba za mu taɓa shiga jirgin yaƙi ba. Amma kowanenmu yana riƙe da mudu, muna auna 'ya'yanmu da maƙwabtanmu da ma'aikatanmu kowace rana. Akwai wanda ya yi ta jiyyar uwarsa shekara biyar, ta mutu. Akwai malamin da ya yi ta fama da yaron da bai ci jarrabawa ba. Akwai wanda ya shiga tsakani domin ya sulhunta 'yan'uwa, suka juya suka zage shi. Mu kan ce da irinsu, “Wahalar banza ya sha.” Kafin mu sake faɗin haka, bari mu tambayi kanmu abin da ya sani sa'ad da ya fara, da wanda ya ɗauki hasarar, da kuma ko ya tsaya a kan maganarsa.